Kwanon Sarkin Danmak

A ɗakin Innarmu a Daura akwai wani kwanon tangaran mai murfi, fari fat, an zagaye bakinsa da ruwan zinariya. A jikinsa an zana wata ciyawa mai shuɗin fure har da saiwarta, kamar yanzu aka tumɓuke ta a gona. Tun ina yarinya abin ke ɗaure mini kai: mutum ya iya zane haka, ya rasa abin da zai zana sai ciyawa. Mahaifin Inna ne ya samo shi. Ya daɗe yana yi wa wani likitan shanu, Bature ɗan ƙasar Danmak, jagora zuwa rugage, da zai koma gida sai ya bar masa shi. Da aka tashi aurar da Inna aka sa mata a kayan ɗaki.

Ko ruwa ba a taɓa zubawa a cikinsa ba. Aikinsa ɗaya ne, jere. Duk yarinyar da za a aurar a danginmu, uwarta za ta zo ta ari tangaran ɗin Inna. In an gama shirya kwanuka da farantai a ɗakin amarya, sai a ɗora shi can sama a tsakiya, 'yan ganin ɗaki su shigo su ɗaga kai su ce masha Allah. Kowa ya san na aro ne, ba mai faɗa. In amarya ta kwana biyu, ƙafa ta ɗauke, sai a maido shi da ƙullin alkaki na tukuici. Ya je Mai'adua, ya je Kongolam, ya je Babban Mutum a bayan babur, bai taɓa ko tsagewa ba. Ni ma ya kwana a ɗakina. Inna ta ɗiga masa jan fenti a gindi, kamar yadda take yi wa sauran kwanukanta don kada su ɓace a gidan biki. Kusa da ɗigon akwai ɗan kambi da layuka uku shuɗɗa masu lanƙwasa, ita dai ta yanke cewa alamar matar Baturen ce.

Ƙanena da ke aiki a Abuja shi ya ɓata lamarin. Mutum ne da in ya ga abu sai ya tono asalinsa, ko ba a tambaye shi ba. Ya zo hutun Sallah, ya kife kwanon, ya ɗauki hoton gindinsa, ya yini yana latse-latsen waya.

"Inna, kin san abin da kike ba mutane suna goyawa a babur?" in ji shi. "Irin kwanukan da ake yi wa teburin sarakunan Danmak ne. Da hannu ake zana kowane, ciyayin ƙasarsu ne. Tsoho ne fa, in ya fashe ba ki ƙara samun irinsa."

"To, sarkin ne ya aiko a karɓa?" in ji Inna.

Muka yi ta dariya. Amma maganar ta shige ta. Da ya koma sai na ga ta mayar da kwanon cikin akwati, ta rufe da makulli.

Bayan kaka Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu da ke aure a Zango, ta zo. Autarta za ta aurar. Gero da gyaɗa suke nomawa, kayan ɗakin yarinyar ba yawa, tangaran ɗin nan ne zai rufa asiri. Ita ma a ɗakinta ya kwana lokacin nata auren, don haka ba ta wani yi doguwar shimfiɗa ba.

"Yaya, na zo ɗaukar mutumin," in ji ta.

Inna ta yi ta gyara bakin tabarma. Can ta ce, "Gwaggonsu, yaron nan ya ce abin na sarakuna ne, wai ba a samun irinsa. Ga hanya, ga yara."

Gwaggo ta ce, "Ai kuwa gara ki adana, Yaya. Ina mu ina kayan sarakuna." Ta shanye furarta tas, ta yi sallama. Ina wurin, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, har yau in na tuna sai in ji haushin ƙanena.

Inna ta kasa sukuni. Ranar jere da safe ta ce in ɗauko kwanon. Muka shiga motar haya, ta rungume shi a cinya kamar jariri, duk ramin da muka faɗa sai ta yi salati. Ko da muka isa Zango an gama jere, mata sun cika ɗakin amarya. Can sama a tsakiya an ɗora wata babbar kula ta roba mai jajayen furanni.

Inna ta kwance zanin da aka naɗe kwanon a ciki a gaban kowa. "Gwaggonsu, ga shi na kawo."

"Sannu da hanya, Yaya, an sha wahala," in ji Gwaggo, fuskarta a sake. "Ai mun cike wurin. Wannan ko ta faɗo ba abin da zai same ta. Kuma tata ce, ba mai zuwa ya karɓa."

Inna ta tsaya riƙe da kwanon. Ba wadda ta miƙa hannu. Ni na karɓa na naɗe, muka ci tuwon biki, muka juyo gida.

Ba su yi faɗa ba, suna gaisawa, suna zumunci. Labari ne kawai ya zaga dangi cewa kwanon Inna na sarakuna ne. Bara aka sa ranar auren jikar ƙanwar Inna, nan cikin gari, ko mota ba a shiga. Inna ta buɗe akwati ta fito da shi, ta goge, ta naɗe a sabon zani, ta ajiye a bakin gado. Duk wadda ta yi sallama sai Inna ta ɗaga kai, ko aro aka zo. Har aka watse biki yana nan.