Lallen Hajiya Ramatu da Ruwan Rijiya

Ban taɓa mantawa da safiyar Litinin ɗin da na tarar da ruwan pisin, wato wurin ninƙaya, na wani otel a unguwar Houéyiho ya koma kalar shayi ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan tambayata abin da ya sa kwalbar gwajin ƙarfe ba ta barin jakata, alhali ba kullum ake buƙatarta ba. To, ga dalilin.

Lokacin ina shekarata ta farko a kamfani, ban daɗe da gama karatu ba. Ni teknisiyen ce, mai gwada ruwan pisin, shugabanmu Shef Ganiyu ke raba mana wuraren da za mu duba, kuma wannan ƙaramin otel yana cikin rabona. Aikin kun san shi. Ki nutsa hannu har gwiwar hannu, nesa da inda famfo ke turo ruwa, ki ɗebo a 'yar kwalba. Ki jefa ƙwaya, in ruwan ya yi ruwan hoda akwai kloro, in ya tsaya fari babu mai kashe ƙwayoyin cuta a ciki. Ɗaya kwalbar kuma ta pH ce, ita ke faɗa miki ko ruwan zai ci ido ko zai sa kloro ya yi kasala. Ina son wannan sa'ar, kafin kowa ya shigo, ruwa yana kwance kamar bai farka ba, gajimare na wucewa a cikinsa.

Kowace Asabar da safe otel ɗin na barin pisin ga matan Zongo, unguwarmu. A rufe ƙofa, ma'aikata maza su fita, mata su shiga da dogon wando da riga da hular roba. Cikinsu akwai Hajiya Ramatu, maƙwabciyarmu, wadda ta goya ni ina jaririya. Gwiwoyinta sun ci ta, likita ya ce ta riƙa tafiya a cikin ruwa. A tudu sai ta dafa bango take takawa. A ruwa kuwa daga wannan gefe zuwa wancan take zuwa, tana dariya. Ta taɓa ce mini, "Zuwaira, a nan ne kaɗai nake manta cewa ina da gwiwa."

A makon nan an yi biki a unguwa, saboda haka kusan duk matan da suka zo ranar Asabar hannu da ƙafa jajir suke da lalle. Suka yi wankansu suka tafi. Bayan fitarsu aka zuba kloro mai yawa, kamar yadda tsari ya ce. Lahadi da safe ruwa ya tashi jaja-jaja.

Jeran ɗin otel, wato manajan wurin, Mushe Firmin (Malam Firmin ke nan da Faransanci), yana tsaye a bakin pisin da na iso. Ya ce da Faransanci, "Madmazel, ga aikin 'yan unguwarku. Jan abin nan da suke shafawa ne ya zube. Na riga na aika musu, mai lalle ba za ta ƙara shiga ba."

Na ce, "Mushe, bari in gwada tukuna."

Kloro ya yi ƙasa sosai, duk da yawan da aka zuba. Wani abu ya cinye shi. Ruwan kuma bai yi kauri ba, kana hango tayil ɗin ƙasa, launi ne kawai ya sauya. Na fito da gwajin ƙarfe, wanda sai an yi sa'a ake ɗauko shi daga ofis, na ɗiga. Kwalba ta rine nan take. Da na ɗaga kai sai na ga tiyo kwance a kan ciyawa, bakinsa ɗaya a gefen pisin, ɗayan ya nufi rijiyar da ake ban ruwan furanni da ita.

Ga waɗanda ba su sani ba, ruwan wasu rijiyoyi yana ɗauke da ƙarfe narkakke. Ido ba ya ganinsa, garau yake fitowa. Amma da zarar ya haɗu da kloro sai ƙarfen ya yi tsatsa, ruwa ya koma ja. Lalle kuwa, in ya kama fata ya kama, sai dai fatar ta sabunta.

Na faɗa masa haka. Bai musa ba. Ya ce ruwan famfo ya ɗauke ranar Asabar da yamma, pisin ya yi ƙasa, shi ya sa ya ce a cika da na rijiya. Na ce to a janye saƙon da aka aika wa matan. Ya ce, "Na ji, zan duba." Na kira Shef Ganiyu, ya ce, "Ke dai ki gyara ruwa. Mu ba alƙalai ba ne." Na zuba maganin da ke tara datti ya kwantar da shi ƙasa, na bar famfon tacewa yana aiki ba tsayawa, washegari na zuƙe tsatsar na wanke matatar. Kafin Alhamis ruwa ya dawo shuɗi. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ranar Juma'a bayan la'asar na shiga gaida Hajiya. Na same ta a tsakar gida, hannuwanta a buɗe bisa cinya, an shafe su da man kaɗanya. Tafin ya yi ja, amma ba jan lalle ba. Fatar ta saɓule, tsakanin yatsu ya tsage. Ƙafafun ma haka.

"Inna, me ya same ki?"

"Ba komai, ɗiyata. Jabel ne da lemon tsami, sai dutsen goge kaushi. Ya ƙi fita duka, amma ya rage. Kina ganin gobe za su bar ni?"

Jabel, ruwan da ake wanke ban ɗaki da shi. Ta ƙara da cewa, cikin sanyin murya, "Ni abin da ya dame ni kunya. Mutane sun ba mu wuri, mu kuma muka ɓata musu ruwa."

Ni ba mai faɗa ba ce, kun san ni. Amma a ranar raina ya ɓaci matuƙa. Matar da ba ta taɓa tashi salla ba tare da ta tsarkake kowace gaɓa ba, an sa ta yarda ita ce ƙazanta. Wanda ya sa ta kuma ya san gaskiya tun Litinin.

Asabar ba ranar aikina ba ce a can, amma na hau zem, babur ɗin haya, na je. A bakin ƙofa na tarar da mai gadi yana duba hannuwan mata ɗaya bayan ɗaya. Manyan mata, masu shaguna, masu jikoki, suna miƙa tafi kamar 'yan makaranta ranar duba farce. An ware masu lalle gefe guda, su ne suka fi yawa, har da Hajiya tana zaune cikinsu.

Na roƙi mai gadi bokiti biyu. Na cika ɗaya a famfo, ɗaya a rijiya, na ajiye su a bakin ƙofa inda kowa ke gani. Duka biyun garau suke. Mushe Firmin ya fito ya ce, "Madmazel, wannan ba aikinki ba ne."

Na ce, "Gwada ruwa nake yi, Mushe. Shi ne aikina."

Na zuba kloro kaɗan a na famfo, na ce wa Asabe mai atamfa, wadda lallenta ya fi na kowa duhu, ta sa hannuwanta. Ta sa, ta murza, ta daɗe. Ruwa bai sauya ba. Na zuba kloro a na rijiya, wanda ba wanda ya taɓa. Muka tsaya muna kallo. A hankali ya yi rawaya, daga nan ya fara komawa kalar shayi.

Asabe ta share hannu a zaninta, ta dubi jeran, ta ce da Faransancinta na kasuwa, "Mushe, ashe rijiyar taka ma ta je biki. Wa ya yi mata lallen?"

Mata suka kwashe da dariya. Shi bai yi dariya ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Ya dai ce wa mai gadi ya buɗe, ya juya ya shige ofis.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo bayan nan. Hajiya ta miƙe tana dafa bango, ta nufi matakalar pisin, fuskarta ta washe. Ni ce na sha gabanta. Fata mai rauni ba ta shiga ruwan kloro, ko don ita ko don sauran. Na ce, "Inna, ba yau ba. Sai hannun ya warke."

Ta dube ni, ta dubi ruwan. "Ke ma, Zuwaira?"

"Ni ma, Inna."

Na kawo mata kujera. Ta zauna a inuwa, hannuwa a buɗe, tana kallon ƙawayenta suna ratsa ruwan da ta ƙona kanta dominsa, har aka tashi.

A makon da ya biyo otel ɗin ya nemi a canza masa teknisiyen. Shef Ganiyu ya mayar da ni unguwar Avotrou, ya ce, "Kin yi gaskiya, amma kin yi ta a bakin ƙofa." Na ce a bakin ƙofar aka yi ƙaryar.

Hajiya ta yi makonni ba ta shiga ruwa ba, gwiwoyin suka ƙara sanƙarewa, har salla sai a zaune. Da ta warke ta koma. Asabe ta ce mini ranar da ta koma sabon lalle ta sha har wuyan hannu, ta ɗaga wa mai gadi tafukanta biyu tun kafin ya tambaya.

Abin da na koya shi ne, duk sa'ad da ruwa ya ɓaci, kafin ki buɗe jakarki an riga an sami wanda za a ɗora wa, kuma yawanci wanda ba zai yi gardama ba ne. Saboda haka ki gwada, ki duba inda tiyo ya fito, sannan abin da kwalba ta nuna kada ki tsaya ga faɗa wa mai ofis kawai. Ki kai shi har kunnen wadda aka ce ita ta ɓata, tun kafin ta kai hannu ga jabel.