Shaindel a Bayan Ƙofar Ɗakin Wanka

Shekara talatin da huɗu Shaindel Brodsky tana wanke gawar mata a unguwar Yahudawan birnin Winnipeg, a Kanada. Guntuwa ce, baki kamar reza. In ta dube ka daga sama har ƙasa ba gaisuwa ba ce, awon likkafani take yi.

Ƙawarta Perl mai shagon kifi takan ce, "Ke za ki wanke ni, Shaindele. Yaran nan ko tukunya ba su iya wankewa ba."

"To ki rage dankali. Bayana ba na ƙarfe ba ne."

Da jikar Shaindel ta tashi aure, sabon limamin Yahudawan, Eisner, wanda gemunsa bai gama haɗuwa ba, ya nemi takardun asali. Nan aka tono cewa uwar Shaindel 'yar manoman Yukren ce, ta shiga addinin a hannun limamin da su Eisner ba su yarda da shi ba. Addini kuwa a wurinsu uwa yake bi. Shaindel, wadda don bin dokar addinin ba ta taɓa haɗa nama da madara a tukunya ɗaya ba, ta wayi gari wai ba Bayahudiya ba ce.

"Abu mai sauƙi ne, Uwargida Brodsky," in ji liman. "Ɗan karatu, ki nitse a ruwan tsarki, kin shigo."

"In shigo? Yaro, ina ciki aka yi maka kaciya. Ni na toya kek ɗin."

Ta ƙi. Shi ma ya kafe: hannunta ba zai ƙara taɓa gawa ba.

Bayan wata biyar Perl ta rasu. Shaindel ta je ɗakin wankan gawa, aka nuna mata benci a bakin ƙofa. Matar liman, Rivky, ta shiga da mata biyu.

Bokiti uku ake zuba wa gawa ba yankewa, na biyu ya kama kafin na farko ya ƙare. Shaindel ta kasa kunne. Ruwan ya yi shiru, sannan ya ci gaba. Ta buga ƙofar.

"Ya yanke. Ku sake."

Sai ta ji ana cika bokiti. Suka sake, suka ce sau uku, "Tsarkakakkiya ce." Ta motsa leɓe tare da su, ko da yake nata ba ya cikin lissafi.

Can Rivky ta leƙo, fuska jawur. "Inna Shaindel, ɗamarar likkafanin, sau nawa ake murɗawa?"

"Tambayi mijinki. Yana da littafi."

Yarinyar ta tsaya. Shaindel ta hango ƙafar Perl ta tsakanin ƙofar, da babban yatsan nan karkatacce. In ba ta faɗa ba, haka Perl za ta tafi da ƙulli kamar buhun albasa.

"Huɗu. Kada ki ƙulle, zargewa ake yi."

"Na gode."

Aka mayar da ƙofa. Shaindel ta koma benci, ta kama igiyar rigar sanyinta, tana murɗawa.