Dunduniyar Yayana

Jiya wata maƙwabciyata ta buɗe gwangwanin man kaɗe a gabana, ƙamshinsa ya mayar da ni tsakar gidanmu a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Na tuna Inna zaune a kan kujera 'yar tsugunne tana cusa man a dunduniyar Yayana. Ruwan gonar shinkafa ya cinye masa ƙafa, faso ya tsattsage ta, har wani lokaci idan ya taka da ƙarfi sai jini ya tsattsafo.

Shekaruna goma a lokacin. Da bazara, idan an kwashe tumatir, samarin ƙauyenmu kan buga ƙwallo da na ƙauyen da ke tsallaken kanal, wato babbar magudanar ruwan noman rani. Kawu, ƙanen Inna, shi ne alƙalin wasa. Malamin Islamiyya ne, shi ya sa kowane ɓangare ya yarda da shi. Mu 'yan mata a gaɓar kanal muke zama, ƙafafunmu cikin ruwa.

Al'adar wasan ita ce hutun rabin lokaci ya zo daidai da la'asar. Sai 'yan wasa su cire takalma, su yi alwala a kanal, a shimfiɗa buhuna, Kawu ya ajiye usur ya shige gaba ya ja salla. A cakuɗe ake tsayawa, namu da nasu, kafaɗa da kafaɗa, ƙafa da ƙafa, domin Kawu ba ya kabbara sai ya ga sahu ya haɗu. Ka ga ke nan a duk yinin, wannan ne kaɗai lokacin da alƙali yake ba 'yan wasa baya.

Ran nan, kafin a tafi hutu, wani dogon yaro na tsallake ya doki ƙwaurin Yaya, Kawu bai busa ba. Da aka tsaya salla, ban san yadda aka yi ba, sai ga su kusa da juna. Ni kuwa hankalina yana kan balbelu da ke sauka a shinkafa, kamar ana yayyafa auduga. Na ji dai wani ɗan nishi lokacin da aka miƙe raka'a ta uku. Da aka sallame, sai ga farcen babban yatsan dogon yaron ya ɗaye, jini ya jiƙa buhu.

Ba a yi hayaniya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ido kawai ake ta zuba wa Yaya, a ɗauke, a mayar kan Kawu. Wani dattijon tsallake ya ce, "Malam, mu dai za mu gani. Ɗan 'yar'uwarka ne."

Kawu ya dubi Yaya ya ce, "Kai, me ya faru?"

Yaya ya ce, "Sahu na haɗa, Kawu."

"Ɗaga ƙafarka."

Ya ɗaga. Akwai jini a dunduniyar.

"Da dunduniya ake haɗa sahu?"

Yaya ya sauke ƙafarsa. Ni na san fason nan, na san yana jini ko ba a taka kowa ba. Bakina ya buɗe, amma yarinya ba ta magana cikin maza, kuma ni kaina ban san jinin wane ne ba. Wataƙila farcen tun a wasa ya ɗaye, takalmi ya rufe. Wataƙila kuma Yaya ya rama ne a inda ya san ba a ganinsa.

Kawu ya daɗe hannunsa a aljihu. Sannan ya zaro jan kati, ya ɗaga wa Yaya, a kan buhunan salla, ƙwallo tana can ajiye a tsakiyar fili. Wani cikin namu ya ce ai ba a cikin wasa ba ne. Kawu ya ce, "Muddin ban tashi wasan ba, a hannuna kuke."

Kora daga wasa ɗaya ba komai ba ce. Abin da ya bi Yaya shi ne a ce ya cuci mutum a cikin salla. Har a kasuwar Bunkure aka yi ta faɗa. Inna ta yi wata biyu ba ta taka gidan Kawu ba, tana cewa ya sayar da ɗanta don kada tsallake su zarge shi. Baba kuwa, na lura yana kallon Yaya ta wutsiyar ido idan suna alwala. Yaya bai sake buga ƙwallo ba.

Bayan na girma na tambayi Kawu ko ya tabbata. Ya ce, "Gabas nake kallo, 'yata. Ban gani ba."

Yanzu filin ya zama injin casar shinkafa. Yaran suna wasa a wani wurin, kowa da waya yana ɗaukar bidiyo, ƙaramin ture ma sai an maimaita shi sau goma. Amma ko a yau babu mai ɗaukar bidiyon sahun salla.

Yaya yana da 'ya'ya uku da gonarsa. Da na je gida bara na hango shi yana la'asar da ma'aikatansa a bakin gona. A ƙarshen sahu ya tsaya, ya bar tazarar yatsu huɗu tsakanin ƙafarsa da ta na kusa da shi. Matarsa ta ce kullum haka yake yi. Na tsaya ina kallonsa har ya sallame, na kasa gane ko kunyar wanda ya aikata ce, ko ciwon wanda aka yi wa ƙazafi.