Fuskar Kaka a Kofin Roba

Jiya na tsinci fuskar kakana a kwata, a jikin fasasshen kofin roba. Kamfaninmu na kayan tsaraba ne ya buga kofunan, aka raba ranar cikarsa shekara da rasuwa.

Da rumfar dukanci ɗaya Kaka ya fara, mai warin sabuwar fata. Na tuna ranar da wani ɗan Kongolam ya zaɓi jakar kyauta. Kaka ya hango zaren ɗinkinta ya saki, ya karɓe ta. "Alhaji, dawo jibi. Kyautar da za ta riga mai ita mutuwa zagi ce."

Yanzu injuna huɗu gare mu. Na kasa yi wa Kawu, mai riƙe da kamfanin, maganar kofunan. Na wanke kofin, na ɓoye shi bayan littattafaina.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa ƙasa ta fi mu riƙon amana.