Ƙofar Rydell

Shekara goma sha tara Majken Ahlgren ta yi a layin neman gida na birnin Stockholm. Ranar da ta sa sunanta, 'yarta tana firamare. Yau 'yar tana garin Umeå da 'ya'ya biyu, uwar kuwa tana nan a layi. Mai dafa abinci ce a wata makaranta, kullum sai ta ciyar da yara ɗari huɗu da dankali da kifi, ba ta taɓa makara ba.

Abin da take jira shi ne haya ta hannun farko, wadda kuɗinta ke da ƙa'ida, ba mai ƙara maka yadda ya ga dama, ba mai tashinka. Kafin ta zo, sai zaman hannu na biyu, wato ka raɓa a gidan wanda ya samu tasa, ya ɗora ribarsa a kanka. Gida goma sha ɗaya ta zauna a haka.

Na ƙarshen na Sixten Rydell ne, wani tsohon dillalin motoci da ya tare gidan budurwarsa a bayan gari, amma ya ƙi sakin na cikin birni. Bai nemi izinin masu ginin ba kafin ya ba ta haya, saboda haka ya kafa mata sharaɗi ɗaya: kada sunanta ya hau ƙofa. Ta amsa, don ita ba ta son takura wa kowa. Shekara shida wasiƙunta na zuwa gidan Ritva, abokiyar aikinta. Ko ɗakin wanki na ƙasan bene da sunan Rydell take kama lokaci. Maƙwabtan da suka lura da ita suna ɗauka matarsa ce, ba ta taɓa musa musu ba.

Wata Litinin saƙo ya shigo wayarta. Ciki da falo a unguwar Hökarängen, hawa na uku, har da baranda. Mutum arba'in suka je dubawa, ita ce ta ɗaya a layi. Abu guda ya rage: takarda daga mai gidan da take zaune, mai shaida cewa ita 'yar haya ce ta gari, kafin azahar ta Juma'a.

"To me kike jira?" in ji Ritva a lokacin shan kofi. "Kira tsohon kuren nan."

"Kar na sa shi a matsala."

"Ke dai Majken, da za a taka ƙafarki, ke za ki ba da haƙuri. Shekara shida yana tatsarki kamar saniya, layi biyu ne zai gagare shi?"

Ranar Laraba Sixten ya zo. Ta dafa kofi, ta gasa burodin kirfa. Ya ci uku kafin ta gama bayani.

"Majken, Majken," ya ce, yana karkaɗe gemu. "Kin san ina ganin girmanki. Amma in na rubuta ke 'yar hayata ce, ai na kai ƙarar kaina. Su ƙwace gidan nan, in koma ina?"

"Kana da inda kake kwana, Sixten."

"Yau dai ina da shi. Kin san halin mata. Gobe ta watso mini kayana waje fa?"

Ya yi dariya shi kaɗai. Majken ta dubi labulen da ta ɗinka da hannunta, da famfon da ta gyara sau biyu don kada a kira mai kula da gini ya ganta. Amma abin da ya fito bakinta shi ne, "A ƙara kofi?"

Ya dai rubuta takardar. Ya ce Majken 'yar ƙanwarsa ce, takan sauka a gidansa, mace ce mai tsabta.

Ranar Juma'a matar ofishin masu sabon gidan ta karanta, ta tura wa Majken takardar da yatsa ɗaya.

"Wannan baƙuwa ya ce. Mu 'yar haya muka tambaya."

"Shekara shida ina biya, ko kwana ɗaya ban taɓa wucewa ba."

"Sunanki na ƙofar?"

Majken ta girgiza kai.

"To kin gani. Kwanakinki na layi suna nan, ba su ɓata ba. Sai ki sake nema."

Da azahar ta yi, gidan ya koma hannun na biyu a layi.

A jirgin ƙasa ta zauna tana kallon tagogin mutane suna wucewa, kowace da tukunyar furenta. Ba ta yi sata ba, ba ta tsallake layi ba. Mutumin da ya riƙe gida biyu shi doka ta sani, ita da ta rufa masa asiri ta zama ba kowa. Ta sa hannu a aljihu, ta ji naɗin farin tef ɗin da take manna wa robobin abinci a wurin aiki, tana rubuta abin da ke ciki.

Ta san abin da zai biyo baya. Ranar Litinin mai kula da gini yake zagaye. Zai gani, zai kai rahoto, a ƙwace gidan daga Sixten, ita kuma ta koma kujerar falon Ritva da akwatinta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi wannan lissafin har ƙarshe. Sannan ta yanki tef, ta rubuta AHLGREN da manyan baƙaƙe, ta manna a kan RYDELL, ta danne da babban yatsa.

Tsohuwar da ke ƙofar da ke kallon tata ta fito da karenta. Ta gyara tabarau, ta karanta a hankali.

"Af, sabuwar maƙwabciya muka yi? Yaushe kika tare?"

"Shekara shida ke nan," in ji Majken.

Ta sauka ɗakin wanki, ta kama safiyar Asabar da sunanta.