Malama Nagamine da Kalma Mai Baki Biyu

Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Malama Nagamine Tokiko ta riga mu gidan gaskiya a wani asibiti da ke Sendai, tana da shekara tamanin da uku. Hiyama, wadda muka yi aji ɗaya da ita, ita ce ta bugo mini waya. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Osanai, Malama fa ta tafi. Ranar Asabar za a yi jana'iza a cocin makaranta. Kada ka makara." Shekara talatin da ɗaya ke nan 'yan ajinmu suna yi mini wannan tsokanar, ko mutuwarki, Malama, ba ta sa sun ɗaga mini ƙafa ba.

Malama, ni ba gwanin yabo ba ne, ke ma ba kya son sa. In ɗalibi ya kira wani "babban masani" a rubutunsa, sai ki ja layi ki rubuta a gefe, "Me ya yi?" Saboda haka abin da kika yi kawai zan faɗa.

Kwalejinmu ƙarama ce, ɗalibai ɗari bakwai da 'yan kai a kan tudu ɗaya. Matar da ke zuba miya a ɗakin cin abinci takan san ka faɗi jarrabawa kafin kai ka sani. Na shigo da niyyar in koyi Turanci in zama malamin makaranta, sai na tarar an jibga mini ilimin taurari da kiɗa da falsafa da tarihin Sin, wai sai mutum ya ɗanɗana komai. Shekara biyu na yi ina ƙorafi a zuci. A ta uku, lokacin da kowa yake zaɓen malamin da zai zauna gabansa har ya gama, na zaɓe ki don an ce ba kya ba da jarrabawa. Wanda ya ba ni wannan shawarar bai kyauta mini ba.

Mu tara muke zagaye teburinki kowace Laraba. Sai ki jefo tambaya ɗaya, ki ɗauko lemo daga jaka, ki fara ɓarewa a hankali. Ba kya taimakon kowa, ba kya kuma sauya tambaya. Hiyama ta taɓa duba agogo, shirun ya kai minti goma sha ɗaya. A aji mai mutum tara ba bayan wanda za ka ɓuya, amma ni na yi iyakar ƙoƙarina. Ɗan Tsugaru ne ni, wani yankin karkara can arewa, ɗan mai gonar tuffa, kuma ranar da na fara buɗe baki a makarantar nan aka yi dariyar yadda muke magana. Tun daga ranar na ɗinke bakina, ina kiran abin kunya, alhali rabinsa girman kai ne.

Da aka zo zaɓen abin da kowa zai rubuta kundin kammala karatu a kai, na kawo miki sunan wani marubucin Ingila wanda ko littafinsa ɗaya ban gama ba. Kika dube ni, kika ce, "Me babanka yake kiran reshen da ya miƙe sama ba ya 'ya'ya?" Na faɗa miki ƙasa-ƙasa. Kika ce, "Wanda ya sunkuya fa?" Na faɗa. Kika ce, "Akwai su a ƙamus?" Na ce babu. Kika ce, "To ga aikinka nan. Baturen can yana da masu kula da shi." Haka na kwashe hutu biyu ina bin tsofaffin garinmu a gonaki da littafi a hannu, suna cewa ɗan Osanai ya tafi birni neman ilimi an koro shi gida ya nema.

Dokar kundi a makarantarmu kowa ya san ta. Ranar Juma'a ta uku a Janairu, kafin ƙarfe sha biyu na rana, ɗalibi ya miƙa shi ta tagar ofis da hannunsa, da hatiminsa da na malaminsa a kai. In ka wuce da minti ɗaya, ka maimaita shekara. Ni kuwa na riga na ci jarrabawar ɗaukar malamai ta jiharmu, ana jirana in fara aiki a watan Afrilu. In babu takardar kammalawa, babu aikin, kuma babana ba shi da ƙarfin ɗaukar nauyin shekara ta biyar.

Ranar Litinin ta makon na shigo ofishinki jin sakamako. Kundin yana gabanki, kin gama karantawa. Na ce, "Malama, ko in sake gyarawa in kawo a sa hatimi?" Ba ki ɗago kai ba, kina neman tabaranki. Kika ce, "Kekko." Kalmar da muke yaba shayi da ita in ya yi daɗi, ita muke ƙin kofi na biyu da ita. Tana nufin ya yi, tana nufin a bar shi. Ni da na shigo da yanke wa kaina hukunci, na biyun na ji. Na rusuna, na fita, na bar kundin a teburinki. Washegari na ɗaure jakata na tafi gida.

Ke kuwa kin buga hatiminki tun ranar, kina jiran in zo in ɗauka. Ranar Laraba kika ga kujerata babu kowa. Kika buga waya gidan da nake haya, aka ce na tafi. Kika buga garinmu sau uku, ina sa mahaifiyata ta ce ba na nan. Ranar Alhamis da la'asar ina kan tsani muna yi wa bishiyoyi aski da babana, sai na hango mace tana tahowa cikin dusar ƙanƙara har gwiwa, da takalmin birni, ta rungume jaka a ƙirji.

Kika ce, "Osanai, sauko. Me ka zo yi nan?"

Na ce, "Malama, ai kin ce a bar shi."

"Na ce me?"

"Kin ce kekko."

Kika ce, "Shekara biyu ina koya maka abu ɗaya. Bakinka ciwo yake yi da ba za ka ce, 'Malama, wanne kike nufi' ba?"

Babana ya cire hula daga kan nasa tsanin, ya ce, "Malama, a yi haƙuri, gadon gida ne. Ni ma sai da na shekara uku ina kai wa uwarsa tuffa kafin ta gane ba sayarwa nake yi ba." Ranar na fara ganin kin yi dariya har kin riƙe bishiya.

Motar ƙarshe ta riga ta wuce, sai kika kwana gidanmu. Da asuba muka kama hanya, da lissafin za mu isa sha ɗaya saura. Dusar ƙanƙara ta tsayar da jirgin ƙasan da muka hau kusan awa biyu a wata 'yar tasha. Sha biyu da minti arba'in muka iso, an sauke labulen taga. Malam Shikama, akawun ofis, ya leƙo ya ce, "Malama, kin fi ni sanin dokar nan. Ke kika rubuta ta." Kika ce, "Na sani. Karɓi kundin ka ajiye, ka rubuta lokacin gaskiya." Ya rubuta. Na miƙa masa har da takardar shaidar jinkiri da muka karɓo a tasha. Bayan mako biyu sunana ya fito cikin waɗanda suka gama. Na ce a raina takardar tasha ta yi aikinta, na tafi na kama koyarwa, har yau ita nake yi.

Ranar Asabar ta jana'izarki, bayan an fito daga coci, wani tsoho mai sanda ya riƙo hannun rigata. Ya ce, "Kai ne na sha biyu da arba'in?" Malam Shikama ne. Na ce ni ne, na gode masa da ya karɓi takardar nan ta tasha. Ya ce, "Wace takarda? Majalisar malamai ko kallonta ba ta yi ba. Doka ta ce ba uzuri." Sai ya ba ni labarin. Kin miƙe a gaban majalisa kin ce laifin naki ne, ke malamar harshe kin yi wa ɗalibi magana mai baki biyu a kan abin da rayuwarsa ta rataya. Kika rubuta takardar amsa laifi, kika buga mata hatimi, a kan haka aka karɓi kundina. A watan Maris na shekarar ya kamata a ɗaga ki zuwa farfesa, kika janye sunanki da kanki. Waɗanda kaifin harshenki ya taɓa yanka suka adana takardar a fayil, maganar ƙarin girmanki ba ta sake tashi ba har kika yi ritaya. Ya ce kin hana shi faɗa, kin ce, "In yaron nan ya ji, zai dawo mana da takardar kammalawarsa. Na ga ubansa, na san irinsu."

Malama, mukan yi maganar nan in mun haɗu da 'yan aji, me ya sa ba ki zama farfesa ba. Ana cewa don ba ki rubuta littattafai da yawa ba. Ni ma da bakina na faɗa, har na ƙara da cewa ɓare lemo ya cinye miki lokaci, aka yi dariya. Wannan dariyar tana ci mini rai. Duk kaka ina kawo miki kwalin tuffa, ki ɗanɗana ki ce sun yi tsami, mu sha shayi, mu yi hirar ɗalibaina. Sau talatin na zauna gabanki, ban taɓa cewa, "Malama, yaya aka yi aka karɓi kundina?" ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki Kanae da 'ya'yanta, da ƙaninki Malam Shigeo, da duk wanda ya taɓa zufa a gaban teburin nan. Allah ya ba su haƙurin rashinki. Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya ba ki matsayin da ba majalisar da za ta zauna a kansa. Na gode, Malama. Wannan kalmar ma'ana ɗaya ce da ita.