Na Tsaya Yawon Buɗe Ido a Wales, Yayata Tana Jirana a Tandabawi

A wancan lokacin, shekaru kaɗan bayan yaƙin duniya na biyu, ni saurayi ne mai ji da ƙarfi, ina aikin zuba kwal a wutar injin wani jirgin ruwa da ke tashi daga Jidda. Gidanmu yana unguwar Tandabawi a Makka. Iyayenmu sun rasu a Sudan a hanyarsu ta zuwa daga Kano, yayata ce ta ƙaraso da ni a goye cikin ayarin mutanen garinmu, ita kanta ba ta wuce shekara goma sha huɗu ba. Da suyar gyaɗa da damun fura ta rene ni. Ta yi aure, mijin ya rasu, ba ta samu haihuwa ba, don haka ni kaɗai take da shi.

A wata tafiya jirginmu ya lalace a Kadif, ƙasar Wales, aka ce gyara zai ɗauki watanni. Na sauka a gidan wani Bayamale da ke saukar da ma'aikatan jirgi. A can wasiƙar yayata ta same ni, limamin unguwarmu ne ya rubuta mata. Ta ce tarin da na bar ta da shi ya ƙi tafiya, tana so in dawo kafin Hajji in raka ta Arfa, don tana jin ba za ta ga wata ba. Maigidan ya faɗa mini akwai jirgin da zai bi ta Jidda nan da kwana uku, kuma suna neman mai aikin wuta.

A ranar ce kukun jirginmu, mutumin arewacin Wales da muke shiri da shi, ya ce in zo ya nuna mini ƙasarsu. Na ce a raina ai Yaya ta saba, ko zazzaɓi ta yi sai ta fara wasiyya. Na bi shi.

Ba zan yi ƙarya ba, na ga abin da ban taɓa gani ba. Na tashi cikin duwatsu baƙaƙe da zafin rana, sai ga ni a ƙasar da ko'ina kore ne, ruwa yana zubowa daga saman dutse babu mai tara shi, tumaki suna kiwo babu makiyayi. A garin Kanarfon ya kai ni wata tsohuwar fada ta dutse a bakin teku, muka hau matakala mai murɗewa har sama, yana ba ni labarin yaƙe-yaƙen da aka yi a wurin. Muka shiga ƙaramin jirgin ƙasa da ke hawa dutsensu mafi tsawo, na hango tafkuna a ƙasa kamar an ajiye tasoshi. A gidansu na tarar ba Turanci suke yi ba, suna da nasu harshen, yadda muke Hausa a cikin gida a Makka. Mahaifiyarsa ta tambayi wa na bari a gida, na ce yayata, tana nan lafiya. Kwana goma sha biyu na yi.

Da na koma Kadif sai da na jira kusan wata biyu kafin in samu wani jirgin. Na shiga Makka a watan Muharram da bargon ulu da na saya mata saboda tarin. Na tarar da ƙofa a kulle. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da muke kira Inna, ta fito ta zaunar da ni a soronta. Ta ce Yaya ta ƙi yarda a bar ta a gida, maƙwabta suka tafi da ita Arfa, ta yi tsayuwarta a zaune. Washegari da asuba, suna shirin barin Muzdalifa, ta cika. Na tambaya ko ta bar mini saƙo. Inna ta ce, "Ɗan nan, ba ta ce komai a kanka ba sai alheri. Cewa take jirgi ne ba ka samu ba, da ka samu da ka zo."

Ban iya gaya wa Inna gaskiya ba, ban gaya wa kowa ba sai yau da nake rubuta muku. Ban sake shiga jirgi ba, na kama sayar da tasbaha kusa da Harami har na tsufa. Kullum ina mata addu'a, amma abin da ke cin raina shi ne ta tafi tana kyautata mini zato a kan abin da ban cancanta ba.

Ban ce kada a je a ga ƙasashen Allah ba. Amma duk wanda wani nasa ya kira yana cewa jikinsa ya yi nauyi, kada ya tsaya auna ko da gaske yake. Ya tashi ya tafi a ranar. Gara ka je ka tarar da shi yana dariya ka ji haushin wahalar da ka sha, da ka je a zaunar da kai a soron maƙwabta.